Lanus Dillalin Birai

Duk wanda ya ga Lanus yanzu a zaune bakin ƙofar haikali yana ɗaura wa baƙi zanen shiga wurin bauta da hannu ɗaya, sai ya ɗauka haka aka haife shi. To ba haka ba ne. Shekara da shekaru shi ne dillalin birai a haikalinmu da ke kan dutsen bakin teku a kudancin Bali, kuma har yau ba a sake yin kamarsa ba.

Biran haikalin nan ɓarayi ne na gado. Su fizge tabarau a fuskar baƙo, ko waya, ko takalmi ƙafa ɗaya, su ɗare katanga su zauna jiran fansa. Sai a kira Lanus da jakarsa ta fata. Ya fara da gyaɗa, biri ya kau da kai. Ya ƙara ayaba, biri ya ɗan lanƙwasa ƙafar tabarau don a san ba wasa yake ba. Sai can a ƙarshe dafaffen ƙwai ya fito, kaya su faɗo. Matarsa Rumi kan ce ta auri mutumin da ya fi iya zance da biri a kan mutane, shi kuma ya ce ai biri in an sallame shi yana yin shiru.

Doka biyu ubansa ya bar masa tare da jakar. Ta farko, ba a ɗaga wa biri hannu, don su ne masu gadin gidan alloli, kuma wanda ya kashe ɗaya ya yi sallama da aikin har abada. Ta biyu, jini ba ya ɗiga a cikin katanga. Ko ƙaya ce ta soke ka, a waje za ka tsaya. In jini ya taɓa daɓen ciki haikali ya ƙazantu, sai a rufe shi, gari duka ya shiga wahalar tsarkake shi. Lanus bai taɓa tunanin akwai ranar da dokokin nan biyu za su yi karo a kansa ba.

Cikin biran akwai wani ƙaton tsoho da ake kira Buntung saboda guntuwar jelarsa, wadda ya bar sauranta a fagen faɗa. Tsakaninsa da Lanus akwai tsohuwar jiƙaƙƙiya. Wata rana can baya, a wajen katanga, ƙwai ya ƙare wa Lanus, sai wayo ya ɗebe shi ya cusa shinkafa a ɓawon ƙwai ya miƙa. Buntung ya fasa, ya duba, ya dubi Lanus, ya yi tsalle ɗaya ya tafi da yatsunsa biyu na dama. Lanus bai rama ba. Ya ɗaure hannu ya dawo aiki, bai kuma sake yi wa biri algus ba. Amma ya tsani Buntung, tsana mai tsanani, kuma duk gari an sani.

Abin ya faru ne a jajibirin bikin haikali. Mata sun kwana biyu suna saƙa ganyen kwakwa, an jera hasumiyoyin 'ya'yan itace a farfajiya, sai ga labari babban jirgin ruwan masu yawon buɗe ido ya tsaya a tashar jiragen ruwa ta Benoa. Lanus ya yi tsaki. Ba ya son mutanen jirgi, ni ma ba na son su. Tun safe ake kora su kamar awakin kasuwa, daga rumfar masu sassaƙa zuwa gidan masu zanen hotuna, daga nan a juye mana su da rana tsaka, ido ɗaya a kan alloli, ɗaya a kan agogo, don jirgi ba ya jiran kowa. Ciniki da biri kuwa aikin mai haƙuri ne.

Cikinsu akwai wani ƙaton Bature, rana ta gasa shi ya yi jawur, zanen da aka ɗaura masa da ƙyar ya zagaye shi. Yana tsakiyar farfajiya yana ɗaukar hoton ƙofar dutse, sai wani ɗan jaririn biri, wanda ko cinikin bai koya ba tukuna, ya zare masa tabarau ya koma gefe yana wasa da shi. Lanus ya taso yana ɗaga hannu, yana cewa a tsaya, a tsaya, yana zuwa. Baturen bai tsaya ba. Ya ɗaga sandar ƙarfen da yake maƙala waya a kai, ya sauke ta a tsakar kan ɗan birin. Kowa ya ji ƙarar. Bai yi jini ba, amma ɗan birin ya ɗan yi shure-shure ya mutu.

Nan take katanga duka ta ɗauki kururuwar birai. Buntung ya diro daga saman ƙofa ya sauka a kafaɗar mutumin, ya danne kansa baya, baki a wangale yana neman maƙogwaro. Lanus bai yi wata shawara ba. Ya cusa hannunsa na hagu, lafiyayyen, a tsakanin haƙoran da wuyan Baturen.

Haƙoran suka shige har ƙashi. Lanus ya ce daga baya ba zafin ne ya fara zo masa ba, daɓen da ke ƙarƙashin ƙafarsa ne. Ya fizge zanen ƙugunsa da sauran yatsunsa uku, ya naɗe kan birin da hannun gaba ɗaya, ya rungume shi a ƙirji, ya tara bakin jakar ƙwai a ƙasan gwiwar hannu. Haka ya nufi ƙofar fita, a hankali, kamar mai ɗauke da tukunyar miya. Buntung na yagar cikinsa da ƙafafu ta saman riga, yana tauna, yana girgiza kai. Jini na tsiyaya cikin jaka. Baƙi na ihu suna tattake juna, birai na bin su har wajen katanga, can suka hau su da cizo, wata tsohuwa ta faɗi a matakalar waje aka bi ta kanta. Mangku, wato tsohon da ke jagorantar bauta, ya shiga gaban Lanus yana ture mutane da ƙafa da hannu don a ba shi hanya.

Da ya tsallake ƙofa ya durƙusa a jikin katanga ta waje, ya kwance zanen. Buntung bai saki ba. Lanus ya laluba jaka ya zaro ƙwai jina-jina, ya kai masa gaban ido.

"Saki, tsoho," ya ce. "Ga ƙwai. Na gaske ne, fasa ka gani. Ba ni na kashe maka ɗa ba, ɗan banza, saki mana."

Buntung ya dube shi ya ƙara nutsa haƙora. Wani abu ya tsinke a cikin hannun, jini ya fara tsartuwa har kan katanga. Gaba kura, baya sayaki. Mangku ya tsuguna kusa da shi.

"Lanus, ɗana, jininka ne ke ƙarewa."

"Na sani, Baba. In na taɓa shi fa?"

Mangku ya sunkuyar da kai. Lanus ya miƙe da sauran ƙarfinsa, ya kama guntuwar jelar, ya maka birin da dutsen katanga. Ya sake makawa, haƙoran suka saki. Sai ya ɗaga shi ya maka na uku, kai ya fashe. Waɗanda suke wurin sun ce na ukun ba don hannun hagu ba ne, don yatsun dama ne, kuma Lanus bai taɓa musa musu ba.

Ana kinkimar sa zuwa asibiti, mai yi wa baƙi jagora na tura mutanensa cikin mota. Baturen nan, ko ƙwarzane babu a wuyansa, yana leƙowa ta taga yana tambayar wa zai ba shi tabaransa. Kafin rana ta faɗi jirginsu ya ɗaga, ya tafi da labarin da zai riƙa bayarwa a kan tebur. Wannan abu har yau yana ci mini rai.

Mangku ya bi daɓen farfajiya da rarrafe, dutse bayan dutse, bai ga ɗigo ko ɗaya ba. Washegari aka yi biki, aka yi kiɗa da rawa kamar kullum. Hannun Lanus kuwa ya warke a shanye. Da ya dawo, dattawan gari suka zauna, suka yi masa godiya mai yawa, suka ce ya fitar da su kunya, sannan suka nemi ya ajiye jakar. Rumi ta miƙe tana zagin su ɗaya bayan ɗaya da sunan iyayensu, Lanus ya ce ta zauna. Ya san dokar tun kafin su san ta. Mangku ne ya karɓi jakar, yana kuka.

Shi ya sa yake zaune a bakin ƙofa yana ɗaura zane. Kullum da safe Rumi na dafa masa ƙwai ɗaya, ya ɗora a kan katangar waje daidai wurin da abin ya faru. Biran nan da ke iya zare ɗan kunne a kunnen yarinya sai su zo, su dubi ƙwan, su dube shi, su wuce. In yamma ta yi ya sauke abinsa, ya ɓare da yatsu uku, ya cinye a hanyar gida.