Hannun da Kawu Iro Bai Iya Buɗewa Ba

Shekara biyar ke nan da muka rasa Kawu Iro, yayan mahaifiyata, wanda filayen dambe suka sani da Guduma. Daga Kaura Namoda har Jangeru, in makaɗa suka taɓa takensa, masu sayar da rake ma barin kayansu suke yi.

Da ya kwance zaren dambe, hannunsa na dama bai ƙara buɗewa ba. Karaya kan karaya ta dunƙule yatsun. Da hagu yake gaisawa, da hagu yake miƙa kyauta, kullum yana cewa, "A yi haƙuri da hagu, dama ta riga ta yi tata ɓarnar." Da hagun nan ya ja guga ranar da aka gama rijiyar da ya gina a unguwarmu a Shinkafi. Filin da yake koyar da dambe ya kafa wa rumfuna, mutanen da suka gudo daga ƙauyukan Zurmi suka samu wurin sa haƙarƙari. Ya sha zama a ƙofar manya har rana ta take, sai an saurari kukansu. Bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto yana rabo ba.

Yau ga hotonsa a tasha, ga shi a jikin motoci. Wasu masu manyan riguna sun kafa gidauniya da sunansa. Lokacin da yake jinya ban ga ƙeyar ko ɗayansu ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Watan jiya suka zo zaurenmu. Suna son ɗana, ɗan shekara bakwai da ya ci sunan Kawu, muna kiransa Takwara. Wai za su kai shi birni makarantar wasanni kyauta, ya riƙa tsayawa a taronsu. Maigidana ya fara gyaɗa kai. Ni kuwa da na kawo ruwa, idona ya faɗa kan hoton da suka jingine. Fuskar ta Kawu ce, amma yana miƙa buhun shinkafa da hannun dama, yatsu biyar a buɗe.

Ruwa ba ya tsami banza. Daga bayan ƙyaure na ce wa babbansu, "Alhaji, ku gafarce ni, da wane hannu marigayi ke gaisawa da ku?"

Ya yi dariya. "Ƙanwata, wagga wace irin tambaya ce? Da dama mana, har sai ya matse mini yatsu!"

Maigidana ya dube shi, ya dubi hoton, ya ce za mu yi shawara. Har yau shawarar muke yi.

Ba na cewa ɓarayin yara ne, Allah ya sani. Wataƙila makarantar na nan, wataƙila na toshe wa ɗana hanya, kuma wannan tunani yana cina. Amma wanda ya ɗora wa mamaci hannun wani, me zai hana ya ɗora wa rayayye? Da Kawu zai leƙo ya ga hoton nan, ina jin tambaya zai yi: hannun wa aka ara mini?

Rumfunan sun zube, makaɗan sun koma wa wasu. Rijiyar dai na nan, ba a rubuta sunan kowa a kanta ba. Allah ya jiƙan Kawu. Da safen nan Takwara ya tafi can ɗebo mini ruwa, ina tsaye a bakin ƙofa har ya dawo.