Uwar Lamba da Fayilolin Ƙoda

Taubashiyata, 'yar kawuna, shekararta goma sha huɗu a ɗakin bayanai na asibiti, can ƙarshen baranda inda fanka ke kuka kamar an taka mata wutsiya. Aikinta mayar da rubutun likita lamba: kowace cuta da tata, a shigar a kwamfuta. Shi ya sa ake ce mata Uwar Lamba. Ko atishawa ka yi a gabanta, kafin ka goge hanci ta ba ka lamba.

Fayilolin sashen ƙoda su ne sarautarta. Ciwon ƙoda mai daɗewa mataki biyar gare shi, kowane da lambarsa, kuma ita kaɗai ke iya karanta rubutun likitan wurin, mai kama da sawun tsutsa.

Kwatsam aka kawo wata sabuwa, mai tabarau da satifiket. Oga, shugaban ɗakin, ya ce su raba fayilolin ƙodar na wata guda, wadda ta fi tsabtar aiki ta riƙe duka. A sati ɗaya Uwar Lamba ta rame har zobe ya daina zama a yatsanta. In Oga ya ce wa Mai Tabarau sannu da aiki, sai Uwar Lamba ta doka hatimi a takarda kamar mai kashe kunama.

Wata ranar Talata ta leƙa teburin yarinyar, ta ga fayil ɗin wani tsoho ya kwana uku ba lamba. Likita ya rubuta ciwon ƙoda, bai faɗi mataki ba. Zuciyarta ta yi fari tas. Ta duba sakamakon gwajin jini, ta ga ya yi daidai da mataki na huɗu, ta shigar, ta nufi ofishin Oga tana rangwaɗa.

"Ranka ya daɗe, ga aikin masu satifiket. Kwana uku! Ni minti biyu."

Oga ya duba, ya ɗago. "Wa ya ce na huɗu ne?"

"Gwaji."

"Gwaji ke sa hannu a fayil? Yaushe kika zama likita ba ki gayyace mu walima ba?"

Sai ga Mai Tabarau da takarda a hannu, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, ai na aika wa likita tambaya, yanzu ya amsa. Na uku ne. Ranar gwajin gudawa ce ta tsotse tsohon, da ya warware aka sake gwajin."

Wannan "Yaya" ta fi mari zafi.

Ƙoda ta koma hannun Mai Tabarau, aka bai wa Uwar Lamba sashen ƙuraje. A gida cewa take ita ta bari da kanta, wai fayilolin nauyi gare su. Amma ta karkata kujerarta yadda za ta riƙa hango kwamfutar yarinyar. Wata bakwai ke nan tana jiran kuskure ɗaya, har wuyanta ya fara komawa hagu.