Baƙon da Aka Koyi Haƙuri a Kansa

A sashen koyon kula da baƙi da yawon buɗe ido na jami'ar, akwai wani ɗaki a saman bene da aka shirya kamar otal. Da ka shiga za ka tarar da kantar karɓar baƙi da 'yar ƙararrawa a kai, sai tebura masu fararen mayafai, can ciki kuma gado guda da ba a taɓa kwana a kansa ba. A nan ɗalibai ke yin gwaji. A nan kuma masinjan sashen ya shafe fiye da shekara ashirin yana zama baƙo.

Ba don wannan aka ɗauke shi aiki ba. Nasa shi ne kai takardu ofis-ofis, buɗe ajujuwa da goge allo. Dakta, matar da ta kafa darasin gwajin, ita ta jawo shi ciki. Ta gaji da yadda ɗalibai ke mayar da abin wasa in aka sa ɗayansu ya fito a baƙo, sai dariya da tausaya wa juna. Rannan ta leƙo baranda ta gan shi a kan benci.

"Malam, ka iya masifa?"

"Ranki ya daɗe, ko a gida matata ce ke yi mana."

"To, za ka koya."

Aka ba shi kwat da wata tsohuwar jakar tafiya da ba komai a ciki. Zai shigo ya buga ƙararrawa, ya ce ɗakin da aka ba shi yana wari, cokali bai wanku ba, shayin ya huce. Da farko muryarsa har rawa take yi. Kafin shekara ta zagayo ya gwanance, har ɗalibai suka manta sunansa, kowa sai Baba Baƙo.

Dokokin Dakta ba su da sassauci, kuma ranar farko take karanta su. Farar riga a goge, baƙin takalmi, farce a yanke. Wanda ya makara ya tarar da ƙofa a rufe, kada ma ya ƙwanƙwasa. Ba a zama a gaban baƙo. Wanda ya mayar masa da magana, ko ya ɓata fuska, ko ya yi kuka, ya faɗi darasin, sai baɗi. Abin da ta fi nanatawa shi ne ba a ce wa baƙo a'a. Ko abin da yake nema ba zai samu ba, a saurare shi har ya gama, a ba shi haƙuri, a sa masa wani abu mai ɗumi a hannu, sannan a raka shi ƙofa yana jin kamar an yi masa alheri.

Shi ma akwai dokar da aka ɗora masa. Ba ya hira da ɗalibai a waje, ba ya amsa gaisuwarsu da fara'a, don kada tsoronsa ya fita daga ransu. Sannan akwai maganar kofi. Dakta ba ta tambayarsa ra'ayi a gaban yara. In ɗalibi ya yi abin da ya kamata, Baba Baƙo zai shanye shayin tas. In bai yi ba, zai ture kofin ya tashi. Ajin gaba ɗaya kofin suke kallo, ba fuskar Dakta ba.

Mutum ne mai sanyin hali, kuma abin yana cin sa. Yakan koma gida da ciwon kai. Matarsa takan ce, "Yau kuma 'ya'yan wa ka zaga?" Sai ya ce aiki ne, ta ce ita ba ta taɓa jin aikin da ake yi da baƙar magana ba.

Cikin ɗaruruwan da suka wuce ta gabansa akwai wata siririyar yarinya mai gilashi, 'yan ajinsu na kiranta Tabarau. Ba ta makara, rigarta ta fi ta kowa guga. Ranar gwajinta Dakta ta raɗa masa cewa wannan ta cika natsuwa, ya matsa mata sosai. Ya yi ƙorafin cokali, ta canza. Ya ce shayin ruwa ne, ta ba shi haƙuri. Da ya rasa abin kamawa sai idonsa ya faɗa kan hannayenta, duk sun yi kaushi sun tsattsage.

"Waɗannan hannayen na wankau ne, ba na ɗaukar tire ba," in ji shi. "Ki koma inda kika fito."

Hawaye ya gangaro mata ta ƙarƙashin gilashin. Doka doka ce. Ya ture kofin ya tashi, ita kuma ta maimaita shekara. Daga baya ya ji a bakin mai shara cewa uwar yarinyar wanki take yi wa mutane, kuma tare suke yi kafin ta taho aji. Sau da yawa ya gan ta a baranda ya so ya tsayar da ita. Dokar da aka ɗora masa ta hana, ko kuma ya fake da ita. Shi kansa bai tantance ba.

Dakta ta yi ritaya, aka kawo sabon shugaban sashe, matashi. Ya kalli gwajin sau ɗaya ya ce wannan cin zarafin ɗalibai ne, ba koyarwa ba, daga yanzu bidiyo za a riƙa nuna musu. Aka karɓe kwat da jakar. Ba a daɗe ba shekarun aikinsa na masinja ma suka cika. A da ya sa rai zai ci gaba da zuwa a matsayin baƙo ko bayan ritaya, kamar yadda Dakta ta taɓa yi masa alkawari da baki. Sai ga shi a gida, da sauran ƙarfinsa, da 'yar autarsa da ba ta gama makaranta ba, ba wurin zuwa in gari ya waye.

Surukinsa, direban wani babban otal, shi ya kawo labarin cewa ana neman dattijo mai buɗe wa baƙi ƙofa. Ya ce manajar ma a sashen da Baba Baƙo ya yi aiki ta yi karatu.

"Ka ga ta kwana gidan sauƙi," in ji matarsa. "Ɗalibarka ce."

"Ni ba ni da ɗalibai," ya ce, amma ya sa an goge masa riga.

Bai taɓa shiga otal na gaske ba sai ran nan. Sanyin na'ura ya buge shi tun daga ƙofa. Kantar ta ninka ta sashen sau nawa, amma ƙararrawar iri ɗaya ce. Bai taɓa ta ba. Ya tsaya gefe har wani ma'aikaci ya tambaye shi, aka kai shi wata kujera mai laushi.

Da manajar ta fito ya gane ta nan take, Tabarau ce, ko da yake gilashin yanzu mai tsada ne. Ita ma ta gane shi. Fuskarta ba ta canza ba ko kaɗan.

"Baba, sannu da zuwa. Ina gajiya? Ya mutanen gida?"

Ba ta zauna ba. Ta tsaya daga gefensa, hannu bisa hannu, ta ɗan rusuna. Ya fara bayani, yana haɗa maganar ritaya da ta 'yar auta da ta ƙofa. Ba ta katse shi ba har ya kai ƙarshe. Ta ɗaga yatsa, aka kawo shayi, ita da kanta ta karɓi tiren ta ajiye masa, hannun kofin yana fuskantar damansa.

"Wallahi Baba ban ji daɗi ba da ka sha wannan hanya. Ka yi haƙuri. Zan duba abin da ya dace da kai."

Ya san wannan jimlar. Ya ji ta daga bakin yara ba adadi, ya kuma san inda take ƙarewa. An saurare shi, an ba shi haƙuri, ga abu mai ɗumi a hannunsa. Ƙofa ce ta rage.

"'Yata," ya ce, muryarsa ta koma irin ta shekarar farko, "maganar nan ta hannu da na taɓa yi miki..."

"Haba Baba," ta ce da murmushi. "Ai baƙo ba ya laifi. Ku kuka koya mana."

Ya nemi wani abu a fuskarta, ko fushi ne, wanda mutum zai kama ya roƙi gafara. Babu. Da ta zage shi da ya san ta inda zai fara. Ya dubi kofin. Shayin da zafinsa daidai, cokali na ƙyalli, ba ɗigo ko ɗaya a kan faranti. Ya lura ita ma kofin take kallo.

Ya ɗauka ya shanye tas.

Ta raka shi har bakin ƙofa, ta buɗe masa da hannunta, ta ce ya gaida gida. Ba wanda ya tambayi lambar wayarsa. Bayan mako guda surukinsa ya ce an ɗauki wani.

Amma tun ran nan da ya dawo matarsa ta gane. Tana tsakar gida tana shanya kaya ya shigo, ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu.

"Yaya? An dace?"

Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki yana kwance igiyar takalmi.

"Yarinyar ta ci," in ji shi. "Ko Dakta ce ba za ta samu abin gyarawa ba."

"Ni ba ita na tambaye ka ba, Malam."

Ya cire rigar da aka goge masa, ya rataye ta a ƙusar bayan ƙofa, ya fito ya kama mata ɗaya gefen zanin gadon da take ƙoƙarin matsewa.