Rabin Darasin da Baba Ishaku Ya Bari

Ina tsaye gaban allo a makarantarmu ta Kagarko, ranar Talata da hantsi, sai wayata ta shiga ruri a cikin jaka. Da na ga sunan Mama Saratu na san ba lafiya ba, domin ita ba mai kiran mutum a lokacin aiki ba ce. Na fita baranda na ɗauka. Ta ce, "Rahila, Babanki ya tafi gida. Tun da safe." Ban yi kuka nan take ba. Kunya ce ta fara kama ni, domin mako uku kafin nan mijinta, Baba Ishaku, ya kira ni da bakinsa ya roƙe ni in zo in ƙarasa masa wani darasi, ni kuwa na ce masa sai na gama duba takardun jarrabawa.

Ba shi ya haife ni ba. Shi ne ya koya mana yadda ake koyar da kimiyya a kwalejin horar da malamai a Kafanchan, kuma duk wanda ya bi ta hannunsa Baba yake ce masa. Dogon mutum ne, mai saurin fushi da malalaci, mai saurin hucewa. Idan ka ba shi amsa daidai sai ya tsuke fuska ya ce, "Wa ya gaya maka? Shi kuma ta yaya ya sani?" Mun sha zaginsa a bayan ido saboda wannan tambaya. Yakan ce amsar da ke cikin littafi ba daga sama ta faɗo ba, wasu ne suka yi shekaru suna gardama da kuskure kafin su kai gare ta.

Yana da wata hanya tasa. Kowane babban darasi yakan raba shi biyu. A makon farko sai ya kawo abin da mutanen dā suka yi imani da shi, ya kare shi da hujjoji har kanka ya ɗaure. A mako na biyu sai a yi gwaji, ɗalibai su rushe shi da hannunsu. Bai yarda a yi wa mutanen dā dariya ba. Ya ce mana, "Malamin da ya raina tunaninsu, gobe zai raina kakar yaron da ke zaune a gabansa." Dokarsa ɗaya ce: wanda ya fara rabin farko, dole ya yi na biyu.

Ni ce na karya wannan doka. Lokacin koyon aiki an tura ni wata sakandare a Manchok. Na koya wa yara cewa nama da kansa yake haifar tsutsa idan ya ruɓe, kamar yadda aka daɗe ana zato. Na koyar da shi da kyau, har na ji daɗin kaina. Sai wasannin makaranta suka cinye mako na biyu, ni kuma na rubuta a littafin darasi cewa na gama. Da Baba ya zo duba mu, ya tambayi ajin daga ina tsutsa take zuwa. Yara suka haɗa baki suka ce daga nama. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bai kunyata ni a gabansu ba. A waje ya ce, "Rahila, rabin darasi ƙarya ne. Kin bar yaran mutane da ƙarya a kai." Mako ya zagayo sai ga shi a bayan acaɓa, riƙe da kwalabe uku, da nama a leda, da wani yanki na gidan sauro da ya yanko a gida, abin da Mama Saratu ba ta daina yi masa gori a kai ba. Muka zuba naman a kwalaben. Kwalba ɗaya muka bari a buɗe, ɗaya muka rufe da murfi, ɗaya da gidan sauron. Bayan kwanaki yara suka ga inda ƙuda ya samu shiga ne kaɗai tsutsa ta fito. Har na gama karatu bai sake tayar da maganar ba.

Bayan ya yi ritaya bai iya zaman gida ba, ya ci gaba da ɗaukar aji ɗaya a kwalejin. Da ya kira ni muryarsa ta riga ta shige ciki. Ya ce, "Na yi wa 'yan aji uku rabin farko a kan wuta, ƙafa kuma ta ƙi. Ki zo ki yi masu na biyu. Zan sa a kawo ni in ga yadda kike yi yanzu." Na ce, "Baba, ka bari in gama da takardu." Ya ce, "To, 'yata, ba damuwa." Gaskiyar da ban faɗa masa ba ita ce na yi shekaru da ajiye hanyarsa. Manhaja ta yi yawa, lokaci ya yi kaɗan, sai na koma rubuta amsa a allo yara suna kwafa. Tsoro nake ji ya zauna ya gane.

Mun binne shi ranar Asabar. Ranar Litinin na je kwalejin da sikeli da soson ƙarfe na wanke tukunya. Baba ya bar su a kan tsohon ra'ayin nan cewa wuta tana fitar da wani abu ne daga jikin duk abin da ya ƙone, shi ya sa toka ba ta kai itace nauyi ba. Dukansu sun haddace amsar littafi, amma ba wanda ya iya nuna ta. Muka auna soson, muka ƙone shi, muka sake aunawa. Nauyi ya ƙaru. Na ce masu ƙarfen ya ɗauki wani abu ne daga iska, na fara tattara kayana.

Sai wata ɗaliba mai suna Na'omi ta miƙe. Ta ce, "Ma, mu ba mu yarda ba. Wataƙila sikelin ne bai da kyau."

Na ce, "Ba ki ga da idonki ba?"

Ta ce, "Na gani, Ma. Amma Baba ya ce in Anti Rahila ta zo, kar mu yarda da sauri. Ya ce mu yi maki gardama sosai, wai ke za ki iya."

Na juya wa ajin baya na fuskanci allo. Tun kafin ya kira ni ya riga ya gaya masu sunana. Mako uku ina ɓuya, shi kuwa bai taɓa shakkar zan zo ba. Muka aro wani sikelin muka sake gwajin sau uku, suna ja ina ja, har lokacin darasi ya wuce. Ranar na koyar yadda yake so, kuma bai gani ba. Wannan ciwon ba na jin zai bar ni.

Ubangiji Allah, ka ji ƙan bawanka Ishaku, ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutu a wurinka. Ka ta'azantar da Mama Saratu, ka riƙe 'ya'yansa da jikokinsa, ka zama masu uba. Mu da ya koyar, ka ba mu zuciyar ƙarasa abin da muka fara. Ni kuma ka gafarta mini jinkirina, tun da wanda ya kamata in roƙa ya riga ya tafi. A cikin sunan Yesu Almasihu, amin.