Batirin da Muke Shanyawa a Rana

Ranar Talatar da ta wuce, a ajinmu na yaƙi da jahilci da ake yi a bayan majami'a, malamarmu ta karɓi wayata ta nuna mini wani abu. Akwai wurin da za ka taɓa, sai muryar da ke karanta maka Turanci ta rage gudu. Ta taɓa. Muryar ta yi nauyi, ta soma jan kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai hawan tudu da dami a ka. 'Yan ajin suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, don na san muryar nan. Da ita na girma, kuma saboda ita nake zaune a kan bencin yara da furfura a gemuna.

Bari in faɗa maka yadda aka yi.

A lokacin muna zaune a barikin ma'aikatan jirgin ƙasa a Kafanchan, ɗaki biyu da ɗan madafi a baya. Mu shida ne: Baba, Mama, Kaka wadda ta haifi Baba, ni, da ƙannena biyu. Baba lebura ne na layin dogo, cikin masu bin layi suna ɗaure ƙusa da canza katakon da ya ruɓe. Kullum yakan dawo da warin kwal da baƙin mai a jikinsa. Ni kuwa ina aji biyu, shekaruna ba su wuce tara ba.

Da ruwan farko na wata shekara, bayan yaƙin basasa da 'yan shekaru, aka tara leburori aka ce za a rage su. Wanda zai tsaya sai ya iya karanta sanarwa da Turanci, ya rubuta gajeren rahoto, ya kuma yi magana a wayar tasha. Aka ba su wata huɗu. Wanda ya faɗi jarrabawar zai bar aiki, ya bar ɗaki. Gonar gidanmu a ƙauye tuni 'yan'uwan Baba suka raba ta, abin da ya rage mana bai isa ya ciyar da mutum biyu ba. Ko ni da nake yaro na gane abin da ake nufi.

Baba ya iya karatun Hausa sosai, shi ke karanta Zabura a sujadar safe. Amma Turancinsa bai wuce kalmomin da ake yi wa lebura tsawa da su ba.

Ana cikin haka Kawu, ƙanen Mama da ke aikin soja a Kaduna, ya zo hutu da rediyo mai kaset. Duk barikin babu mai irinta. Da ya ji halin da ake ciki sai ya bar mana ita da kaset biyu, ya ce gidan rediyo na yin darasin Turanci na 'yan makaranta da ƙarfe goma na safe, Litinin zuwa Juma'a, a riƙa ɗauka, Baba ya saurara in ya dawo. Dabara mai kyau, sai dai ƙarfe goma Baba na kan layi, Mama na kasuwa da tirenta na gyaɗa, Kaka kuma ta rantse ba za ta taɓa akwatin da ke haɗiye muryar mutane ba. Saura ni.

Mama ta yi gardama kwana biyu. Ta ce ba a cire yaro daga makaranta don babba ya yi karatu. Baba bai ɗaga murya ba. Ya kira ni, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Wata huɗu ne kawai. In na faɗi, ba kai kaɗai za ka bar makaranta ba, dukanku ne." Na ce to. Gaskiya ma daɗi na ji, wane yaro ne zai ƙi a bar masa rediyo?

Aikina ba wasa ba ne. In jirgin safe ya yi kuka ya wuce, sai in fito da rediyon gindin mangwaro, in ɗaura wayar ƙarfen da muka rataya a reshe a jikin eriya, in jira. Da matar da ke koyarwa ta gaishe mu sai in danna maɓalli biyu lokaci ɗaya, ja da baƙi. In ta gama, in cire kaset ɗin in zura fensir a raminsa in yi ta juyawa har zaren ya koma farko, don kada rediyon ta ci batir wajen mayarwa.

Batir shi ne wahalarmu. Guda shida take ci, kuma ba ta jimawa da su. Sai Baba ya kafa doka: sabon batir na ɗaukar darasi ne kawai, tsohon da ya gaji shi ne na saurare. Tsofaffin kuwa, kamar yadda kowa ke yi a lokacin, a kan kwanon ɗaki muke shanya su. In rana ta gasa su sai su ɗan farfaɗo, su ja kaset na rabin sa'a. Har yau ina jin zafinsu a tafin hannuna in na sauko da su da la'asar.

Ga inda abin yake. Da safe, da sabon batir, muryar matar siririya ce mai sauri, kamar tsuntsuwa. Da yamma kuwa, da batirin da aka shanya, kaset ɗin ba ya juyawa da ƙarfinsa, sai muryarta ta koma ta wani tsoho mai nauyin baki, kowace kalma sai an ja ta. Ni kaɗai nake jin duka biyun. Baba bai taɓa jin ta safe ba. Ni kuma ban ce komai ba, don a tunanina na yaro babba ya san komai.

Haka Baba zai yi wanka, ya zauna a benci ƙarƙashin inuwar kwano, littafin rubutu a gwiwarsa. Tsohon cikin akwati ya faɗi kalma, Baba ya maimaita daidai yadda ya ji, da nauyin da jan duka. In an zo wurin da ake faɗar haruffa ɗaya ɗaya, jinkirin yakan ba shi lokaci ya rubuta kowane harafi ba tare da an tsayar da kaset ba. Ban taɓa ganin mutum mai naci irinsa ba. Ranar da suka yi aikin gyaran layin da ruwa ya cinye, ya dawo yatsunsa sun kumbura har fensir ba ya riƙuwa, sai ya ɗaure shi da tsumma a yatsa ya ci gaba.

Da watan Agusta ya kama, rana ta ɓace. Ka san ruwan wajenmu, sai ya kwana uku yana zuba, dutsen Kagoro ma ba a ganinsa. Batir ba su shanyu ba, kaset ya tsaya. Baba ya zauna yana kallon rediyon. Kaka ce ta tashi. Ta ce da harshenmu, abin da sanyi ya kama wuta yake so, kamar kowane tsoho. Ta kwashe batiran nan da ta ƙi taɓawa wata biyu, ta jera su a tokar gefen murhu inda take dafa gwate, tana juya su tana gwada zafin da bayan hannunta. Ɗaya ya fashe, wani farin abu mai wari ya fito, Mama ta ce za a kashe mu a banza. Kaka ta jefar da shi ta ci gaba da sauran. Da yamma tsohon cikin akwati ya yi magana. Daga ranar aikin ya zama nata, ko an yi rana ba ta yarda a kai su kan kwano.

Saura mako biyu jarrabawa, Baba ya roƙi malamin ajinmu ya biyo gida bayan sujada ya gwada shi. Maƙwabcinmu, wanda shi ma lebura ne mai jiran jarrabawar, ya jawo kujera ya zauna. Malam ya yi tambaya da Turanci. Baba ya gyara zama ya amsa.

Malam ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Maƙwabcin bai danne ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, wannan Turanci ne, ko saniya ce ke neman ɗanta?"

Malam ya ce kalmomin daidai suke, amma babu mai magana haka, a ina ya ji wannan? Baba ya nuna rediyo. Aka kunna da batiran Kaka, Malam ya saurara, sai ya ce a kawo sababbin. Aka sa. A karo na farko Baba ya ji muryar matar yadda take, tana gudu kamar ruwan kwazazzabo. Darasin da ya haddace ne, amma ko kalma uku bai kama ba.

Ya juyo ya dube ni. "Tun yaushe ka sani?"

Na ce, "Tun ranar farko, Baba."

Na jira mari, bai zo ba. Maƙwabcin ya ji kunya ya tashi. Malam ya ɗauki littafin rubutun don ya sami abin yi da hannunsa, ya buɗe shafi bayan shafi, sai fuskarsa ta canza. Ya ce 'yan aji shida da yawa ba sa rubutu mai tsabta haka, da ƙyar ya sami kuskure. Amma maganar, in za a gyara ta, sai an sake daga farko, mako biyu kuma ba zai isa ba. Baba ya karɓi littafinsa ya rufe. Ya ce, "Da wanda nake da shi zan je."

Da Malam zai fita ya tambaya yaushe zan koma aji. Baba ya ce bayan jarrabawa.

Ban je wurin jarrabawar ba, amma na ji labarinta sau da yawa har kamar na gani. Karatu da rubutu ba su ba Baba wahala ba. Na ƙarshe shi ne waya, irin mai hannun nan da ake murɗawa. Kowa zai kira tasha ta gaba ya ba da rahoto cewa ruwa ya ci layi a wuri kaza, a tsayar da jirgi. Ana ruwa ranar, wayar sai ƙara take kamar ana suya. Waɗanda suka ɗan iya Turanci suka riƙa sauri don a ga sun iya, na can ɓangaren yana ta cewa a maimaita. Da aka zo kan Baba ya buɗe baki da muryar tsohon nan, mai jarrabawar ya yi dariya har ya cire tabarau. Amma kafin ya gama dariyar na can ya karanto saƙon daidai, bai nemi a maimaita ko kalma ɗaya ba. Mai jarrabawar ya daina dariya. Ya ce a kan layin dogo wanda ake ji ake so.

Baba ya ci, har aka ba shi shugabancin wani rukunin leburori. Maƙwabcinmu bai ci ba. Mun taya su ɗaure kaya, Baba ne ya ɗauki akwatinsu har tasha.

Sai dai ƙarin girman ya zo da canjin wuri. Aka tura mu wata 'yar tasha a daji, inda makaranta mafi kusa sai ka ƙetare rafin da ba ya ƙetaruwa da damina. Baba ya ce baɗi. Baɗi ta zo ya ce in an gama haƙar citta. Da aka buɗe makarantu kyauta aka kai ƙannena wurin wata gwaggonmu a Fadan Kaje, ni kuwa na yi tsawo, gona ta saba da ni, kunya ta hana ni zama da yara. Ɗan abin da na koya a aji biyu ya zube. Turancin baki dai ya zauna, don ni na ji darasin nan sau biyu kullum. Na yi shekaru ina kai citta Kachia, ina ciniki da baƙi da Turanci, suna zaton na yi makaranta. In an miƙo mini takarda sai in ce na manta tabarau a gida.

A ciwonsa na ƙarshe, wata rana da hantsi, Baba ya sa aka ciro littafin nan daga ƙasan akwati. Kusan rabinsa ba a rubuta komai ba. Ya miƙo mini, ya ce, "Wata huɗu na ce maka." Na ce ya bar maganar, ai mun ci mun sha da aikin nan. Ya girgiza kai. "Sauran shafin naka ne."

Na ajiye shi shekara goma sha ɗaya ban buɗe ba. Bara na shiga aji.

Yanzu abin ya zo da sauƙi har yana ba ni mamaki. Waya ba ta bukatar rana ko toka. Kalma ɗaya za ta faɗa maka sau ɗari ba ta gaji ba, in ka rubuta ba daidai ba ta ja maka jan layi a ƙasa. Ba sai an cire wani yaro daga makaranta ya danna maka maɓalli ba. Jikokina suna yin wannan duka da yatsa ɗaya suna cin gyaɗa da ɗaya hannun. Amma na lura wayar ba ta zaunar da mutum a benci. Wannan har yanzu kai za ka yi wa kanka.

Ƙarshen wata za a gwada mu, kowa zai rubuta wasiƙar Turanci mai layi goma da hannunsa. Hannuna yana da nauyi, haruffana suna karkata kamar shingen da akuya ta jingina da shi. Na cika shafi goma sha huɗu a littafin Baba, daga inda rubutunsa ya tsaya. Da wanda nake da shi zan je.

Ranar Talatar nan, da dariya ta lafa, malamarmu ta miƙo hannu za ta mayar mini da muryar yadda take. Na riƙe wayata. Na ce, "A'a, 'yata, bar ta haka. Wannan nake ji."