Daga Tanko Ake Farawa

Ni mutum ne mai son abu bi da bi. Tun ina yaro haka nake, shi ya sa tatsuniyar kakata Iya Abu ta fi ba ni haushi fiye da daɗi. Bayan magariba take zama bakin murhu tana gasa mana masara, mu jikoki mu kewaye ta. Kowace tsohuwa a ƙauyenmu da sarki take buɗe labari. Ban da ita.

"Akwai wani manomi, Tanko," in ji ta.

"Iya, sarkin fa? Ai da sarki ake farawa."

"Kai maigidan nan nawa, ka cika ƙa'ida! Sarkin na can yana jiran tuwo. Zauna."

Tanko a gonar da yake nomawa aka haife shi. Ba tasa ba ce, kuma ba shi da ikon barin ta. In an ba wani gonar, har da shi ake bayarwa. Kwana uku a mako yana noman gandun ubangidansa, sauran kwanakin ya yi nasa. Ubangidan jarumi ne mai doki, shi ma ba shi gonar aka yi: ya durƙusa gaban wani babba ya yi caffa, da alkawarin ranar yaƙi zai fito da doki da mashi. Babban kuma daga sarki ya karɓa, da irin wannan alkawari. Wata damina kurkunu ya kwantar da Tanko. Dawa ba ta yi ba, doki ya rame, jarumi ya kasa fita, babba ya je fada shi kaɗai. Sai a nan sarki ke shigowa labarin, yana zaune yana tambayar ina rundunarsa. Ni kuwa in tashi ina gunaguni, an gina labari a kife.

Makon jiya 'yata Nana ta dawo flat ɗinmu na haya a unguwar Al Qusais, nan ƙasar Larabawa inda nake aiki, ido jajur. An koya musu zaman Turawa na zamanin da, ta faɗi gwaji, kuma washegari malama za ta sake yi mata na ƙarshe. Na buɗe littafin, na ga zane kamar dala: sarki a sama, sai masu ƙasa, sai barade masu sulke, sai manoman da ke ɗaure da gona. Na ce wannan ai aikina ne.

Na farko, na sa ta karanta daga sama. Na biyu, na sa ta rubuta. Na uku, na rufe littafin na tambaye ta. Ta sa barade a kan masu ƙasa. Muka sake. Sau huɗu.

"Baba, khalas, ya isa! Sunayen na sani. Me ya haɗa su ne ban gane ba."

Na ɗaga murya, ta fashe da kuka, uwarta ta leƙo daga kicin ta harare ni. Ƙa'idata ta ƙare. Ba da son raina ba na ce, "Akwai wani manomi, Tanko."

Kafin in kai ga ramar doki ta jawo littafin. Ta nuna hoton wani barde a durƙushe, hannuwansa cikin na ubangidansa.

"Wannan ce caffar! Ƙasa aka ba shi, shi kuma ya biya da yaƙi." Ta hau dalar da yatsa, daga ƙasa har sama, ba kuskure. Sannan ta dube ni. "Baba, visarka ba a hannun kamfani take ba? Kai ne Tankonsu?"

"Yalla, maza rubuta," na ce.

Da safe ta tafi makaranta tana jera su a baki. Ni na wuce kasuwar Murshid Bazaar, wurin aikina, na tsaya kan lodin kwantena kamar kullum: manyan kwalaye a ƙasa, sannan na tsakiya, marasa nauyi a ƙarshe. Shekaru ina wannan aiki, ban taɓa fara lodi da kwalin sama ba, kuma ban taɓa lura ba. Ashe tsohuwar ta fi ni bin ƙa'ida. Ta rasu ina ganin ni ke da gaskiya, kuma yanzu ba wanda zan je in durƙusa wa in janye maganata.