Jan layin da aka shafa a bangon mahaifiyata

Shekarun baya, bayan 'yan Boko Haram sun kore mu daga Toumour, mahaifiyata ta samu ɗan fili a bakin kogin Komadugu, a gefen garin Diffa. Da hannunmu muka buga tubali muka ta da ɗaki biyu. Duk abin da ya rage mata a duniya ke nan.

Wata rana da hantsi sai ga mutum biyu da gwangwanin fenti, suka shafa jan layi a bangonmu, daidai ƙuguna. A lokacin nan in baƙo ya tambayi mai gida kawai, sai ka tsorata, balle ya yi wa gidan alama.

"Wa ya aiko ku?" in ji mahaifiyata.

"Daga meri muke, ofishin magajin gari, Inna," in ji babban cikinsu. "Sabon tsarin gari ne. In kogi ya cika, nan ruwa zai kawo. Ku je tudu, ana raba fili."

"An hana mu noman tattasai, an hana kamun kifi, yanzu kuma bangona ne ya tsone muku ido?"

Suna juya baya na ɗebo yashi na goge fentin tas, ina jin kaina jarumi. Maƙwabta suka ce ai wani mai kuɗi ne ke son wurin. Ba wanda ya koma tudu.

Damina biyu ta wuce. Ruwan sama ya ɗauke, rana na ƙwallewa, sai kogi ya taso daga yamma ya fasa madatsar ƙasar da aka yi. Muna tsaye a kan titi muna kallo ɗakunan suka narke. Da muka hau tudu, filin da ake rabawa ya ƙare. A ƙarƙashin tamfol muka yi sanyin shekarar, mahaifiyata na ta tari.

Da ruwa ya janye na raka ta ta ga wurin. Mun tarar an zuba ƙasa an ɗaga shi, magina na jera wa wani mai kuɗi bulo na siminti. Ta duba ginin ta ce, "Shi ruwan ya san shi ne?"

Har yau abin na ci mini rai. Mutanen meri ba su yi ƙarya ba, maƙwabta ma ba su yi ba. Shi ya sa in na ji an ce tsari ya hana gini a wani wuri, nakan yarda ruwa zai zo, amma sai na tambaya wa aka hana. Mahaifiyata ta rasu a ɗakin haya.